Wa Zai Ce wa Mai Jirgi a Fasa Sauka?

Ranar 31 ga Yulin 2015 ba ta da aibu ko ɗaya a wurin matuƙin jirgin sama. Gari garau yake a kudancin Ingila, babu hadari, babu hazo. Wani ƙaramin jirgi samfurin Embraer Phenom 300 ya taso daga Milan ta Italiya ɗauke da mutum uku daga dangin Bin Laden na Saudiyya, ya nufi ɗan filin jirgi na Blackbushe da ke yamma da Landan. Jirgin lafiyarsa ƙalau. Matuƙin kuma ba ɗan koyo ba ne, ya kwashe dubban awoyi a sama.

Da ya iso sai ya tarar da wani ɗan mitsitsin jirgi yana kewaya filin. Ya ɗaga sama don ya kauce masa, ɗagawar da ta bar shi can bisa alhali titin sauka yana dab da shi. A nan ya kamata ya haƙura, ya zagayo, ya sake daidaita kansa. Sai ya sunkuyar da hancin jirgin ya rufto, ya ƙetare bakin titin da gudun da ya haura ƙa'ida da kusan kashi 40 cikin 100. Tayoyin ba su taɓa kwalta ba sai da ya cinye mita 710, abin da ya rage a gabansa bai kai mita 450 ba. Jirgin ya zarce, ya bugi wani tudun ƙasa, ya faɗa cikin motocin da aka jera a filin gwanjo, ya kama da wuta. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Birtaniya ta gano cewa duka huɗun sun rayu bayan bugun. Wutar ce ta kashe su.

Zagayen da bai yi ba, 'yan mintoci ne da ɗan man da bai taka kara ya karya ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da mutuwar da ake yi a ƙananan jirage lokacin sauka. In ka bi rahotannin masu bincike ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa injin yana aiki har zuwa daƙiƙar ƙarshe, mai yana nan, ƙofar tsira a buɗe. Abin da ake rasawa shi ne bakin da zai ce a fasa. A babban jirgin haya an gina tsari guda don samar da wannan baki: matuƙa biyu, dokar kamfani a rubuce, na'urar da ke naɗar kowane motsi, ofishin da zai duba ta gobe. A ƙaramin jirgi mai zaman kansa kuwa, ko dai mai jirgin ne da kansa yake tuƙi, ko kuma yana zaune a baya shi ke biyan albashin wanda ke tuƙin. Ta ko'ina aka duba, wanda ya fi kowa son a sauka shi ne mai iko.

Kafin a kai ga wannan, akwai wani abu da alƙaluma ke nunawa wanda ya saɓa wa zato. A Amurka, inda irin waɗannan jirage suka haura 200,000, ana samun haɗari sama da 1,000 a yawancin shekaru, kimanin 200 daga ciki da asarar rai. Rahoton da ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta ƙasar, AOPA, ke fitarwa duk shekara ya daɗe yana nuna cewa haɗarin sauka shi ne mafi yawa a lissafi, amma yana cikin waɗanda ba su cika kisa ba. Taya ta fashe, iska ta ture jirgi cikin ciyawa, ƙafar gaba ta karye, matuƙi ya manta bai sauko da tayoyi ba ya ja ciki a kan kwalta: asarar kuɗi ce da abin kunya, mutane su fito suna kakkaɓe riga. Dalilin a fili yake, jirgin ya riga ya zo ƙasa kuma gudunsa ya ragu. Wanda ke kisa yana faruwa ne ko dai a minti ɗaya ko biyu kafin a iso titin, ko kuma a 'yan daƙiƙun da ke biyo bayan saukar da ta ɓaci. Saboda haka idan labarai suka ce jirgi ya faɗi yana ƙoƙarin sauka, galibi bai ma iso inda zai sauka ba.

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bi ta kansa da isasshen gudu kuma ta kusurwar da ta dace. In gudu ya ragu, dole matuƙi ya ƙara ɗaga hanci don ya riƙe tsayinsa, kuma ɗagawar tana da iyaka. Da an wuce ta, iskar sai ta rabu da bayan fiffiken, ɗaukar ta yanke, jirgin ya sulluɓo. Sauka kuwa lokaci ne da matuƙi da gangan yake kai jirginsa kusa da wannan iyaka, kuma yana yin haka ne a kusa da ƙasa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a tunkari titi da gudun da ya ɗara iyakar da kashi 30 cikin 100. Cessna 172, jirgin da ɗaliban tuƙi a duniya suka fi koyo da shi, yana zuwa da kimanin kilomita 120 a awa, fiffikensa kuma yana sakinsa a wajen 90. Tazarar ke nan gaba ɗaya.

Kwana tana cinye wannan tazara. Jirgin da ya karkata da digiri 60 yana riƙe da tsayinsa, nauyin da ke kan fiffikensa ya ninka biyu, iyakar kuma ta tashi da kusan kashi 40 cikin 100, wato ta haura gudun da yake tafiya da shi. A nan tarkon da ya fi cin masu ƙananan jirage yake. A ɗan filin da babu hasumiya (daga filayen jirgi kimanin 5,000 da ke buɗe ga jama'a a Amurka, wajen 500 ne kawai ke da ita) matuƙi yana bin gefen titin, ya yi kwana, ya sake yin kwana ta ƙarshe ya fuskance shi. In iska ta turo shi daga baya a tsakanin kwanonin biyu, sai ya ga ya wuce saitin titin. Zuciya ta ce a gyara. Ya ƙara karkata, ya ja hanci, ya taka feda don ya tilasta wa jirgin juyowa. Fiffiken da ke ciki ya saki kafin ɗan'uwansa, jirgin ya kife ya fara juyi da hanci ƙasa, a tsayin ƙafa 400 ko 500. Fita daga irin wannan juyi tana buƙatar sararin da babu shi.

Ba sai an yi kwana ba ma. Thurman Munson, kyaftin ɗin ƙungiyar besbol ta Yankees, ya sayi jirgin Cessna Citation don ya riƙa leƙa iyalinsa a jihar Ohayo tsakanin wasanni. Ranar 2 ga Agustan 1979 yana atisayen sauka da tashi a filin Akron-Canton, bai sauko da faifan bayan fiffike da ke taimakon jirgi tafiya a hankali ba, ya bar gudu ya zube, ya makara wajen ƙara wuta. Jirgin ya faɗi kafin titi, abokan tafiyarsa biyu suka fita, shi ya mutu yana da shekara 32. Makonni kaɗan ke nan da mallakar jirgin. Sanata Paul Wellstone na Minesota kuwa matuƙa biyu ne ke tuƙa shi ranar 25 ga Oktoban 2002, saura kwana 11 zaɓe, yana hanyar zuwa jana'iza. Suna neman filin Eveleth cikin gajimare, babu ɗayansu da ya lura gudun jirginsu samfurin King Air yana raguwa har fiffike ya saki. Mutum takwas suka tafi, har da matarsa da 'yarsa. Ina kawo wannan ne don kada a ɗauka matuƙi na biyu laya ne. In kamfani bai horar da shi ya sa ido ya kuma yi magana ba, fasinja ne mai kaki.

Sai kuma yaudarar ido da kunne. Abin da ke gaya wa ɗan'adam sama da ƙasa shi ne idonsa da wani ruwa da ke cikin kunnensa. In ido ya rasa inda sama ta haɗu da ƙasa, ruwan kunnen shi kaɗai ba abin dogaro ba ne: jirgi zai karkata a hankali mutum yana jin daidai yake zaune, in ya miƙe kuma ya ji kamar ya karkata. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Ko minti uku ba a cika ba. Shi ya sa lasisin tuƙi hawa-hawa ne. Akwai na wanda zai tashi da ido, gari a washe. Akwai ƙarin shaida ta wanda ya koyi ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan da ke gabansa.

John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ba shi da wannan ƙarin shaida. Daren 16 ga Yulin 1999 ya tashi daga Niyu Jasi a Piper Saratoga da matarsa da yayarta, bikin aure yana jiran su washegari. Sun makara, duhu ya yi, hazo ya kwanta a kan teku. Wani malamin tuƙi ya nemi ya raka shi, ya ce zai iya. Yana gangarowa zuwa tsibirin Martha's Vineyard, saura kilomita 12 ko makamancin haka, jirgin ya shiga juyi ya nutse.

Mu ma muna da namu, kuma ya faɗo daidai shekara 10 cif bayan na Wellstone. Da yammacin 25 ga Oktoban 2012 gwamnan Taraba, marigayi Danbaba Suntai, masanin haɗa magunguna da ya koyi tuƙi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, ya tuƙo Cessna 208 da kansa daga Jalingo zuwa Yola da dogarawansa a ciki. Jirgin ya faɗi kafin ya kai filin. Babu wanda ya mutu nan take, amma gwamnan ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Aka kai shi Jamus, aka wuce da shi Amurka, aka dawo da shi a Agustan 2013 ana riƙe da shi yana saukowa daga jirgi, jihar ta shiga rikicin wane ne gwamna wanda ya kai har Kotun Ƙoli. Ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yunin 2017 bai warke ba. Hukumar binciken haɗurra ta Najeriya ta ce ba shi da cancantar tuƙa wannan samfurin jirgi, ba shi da shaidar tuƙi da na'ura, ya kuma yi tafiyar da ake yi da ido bayan faɗuwar rana. Ta ɗora wa hukumar sa ido nata kason laifin.

Duk wanda ya san yankinmu ya san magariba ba ta jira. Rana na faɗuwa, kafin a idar da salla duhu ya rufe, ba irin ta Turai ba da haske ke jan ƙafa. In lokacin hunturu ne kuma, ƙura kan shafe Kano da Yola da Maiduguri da Sakkwato da rana tsaka har manyan jirage su kasa sauka. To amma tambayar da ta fi damuna ba ta yanayi ba ce. A filin jirgin Jalingo a wannan yammaci akwai ma'aikata, akwai jami'an tsaro, akwai masu duba jirgi. A cikinsu wa ke da bakin da zai tari gwamna mai ci ya ce, ranka ya daɗe, rana ta yi ƙasa, a bari sai da safe? Dogarin da aikinsa kare ran gwamna ne zai iya tare harsashi, amma ba zai iya karɓe makullin jirgi ba. Mun gina girmamawa ta yadda babba ba ya jin a'a sai daga wanda ya fi shi, sama kuwa ba ta san wannan tsari ba.

Kada a ce halinmu ne mu kaɗai. Haɗarin da ya fi fito da wannan cuta fili a Amurka ya faru. Ranar 29 ga Maris ɗin 2001 wani attajiri ya yi shatar Gulfstream III daga Los Anjeles zuwa Aspen, garin shaƙatawa da ke cikin duwatsun Kolorado, ya gayyaci abokai liyafar cin abinci. Filin Aspen yana da dokar hana irin wannan jirgi sauka bayan duhu. Fasinjojin suka makara. Da matuƙin ya ce mai yiwuwa sai dai a sauka a Rifle, wani fili da ke nesa kaɗan, a ƙarasa da mota, mai shatar ya fusata, ya sa aka kira kamfanin aka sanar da su irin kuɗin da ya kashe a kan liyafar. Aka tashi a makare. Suna gangarowa dusar ƙanƙara na zuba, haske na ƙarewa, suna ji a rediyo jiragen da ke gabansu suna fasa sauka domin ba su ga titi ba. A daidai wannan lokaci ɗaya daga cikin fasinjojin yana zaune a kujerar da ke tsakanin matuƙan biyu. Suka wuce tsayin da doka ta ce kada a gangara ƙasa da shi sai an ga titi sosai, suka bugi gefen tudu mita 700 da 'yan kai kafin titin. Mutum 18, babu wanda ya fita. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta rubuta matsin lambar mai shata cikin abubuwan da suka taimaka wajen haɗarin.

Direban gidan Alhaji zai gane wannan labari tun kafin a ƙarasa shi. Dare ya yi a hanyar Kaduna, ruwa na zuba, idonsa na rufewa, maigida a baya yana duba agogo yana tsaki. Ba a ce masa ya yi gudu ba. Tsakin ya isa. Ya san in ya tsaya a Zariya ya ce a kwana, ba za a kore shi gobe ba, amma wata rana za a tuna. Bambancin kawai shi ne direba yana da gefen titi. Matuƙin ƙaramin jirgi mai aiki a ƙarƙashin mutum ɗaya yana cikin wannan hali, ga shi kuma sau da yawa matashi ne mai tara awoyi don ya samu shiga babban kamfani, ko dattijo da ya yi ritaya ba ya son a ce ya tsufa. A manyan jiragen Amurka tun 1981 doka ta hana duk wata hira da ba ta aiki ba a ɗakin tuƙi in an sauko ƙasa da ƙafa 10,000. A jirgin da mutum ya saya da kuɗinsa, ɗakin tuƙin ma nasa ne.

Ko babu maigida, akwai matsin da ke fitowa daga cikin matuƙin kansa. Ya yi awa biyu yana tafiya, ga titi yana gani, ga masu tarba sun tsaya. Kowace daƙiƙa da ya matsa kusa, fasawa na ƙara yi masa nauyi, ga kuma tunanin cewa duk wanda ke filin zai san ya kasa. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa mai sauƙi ce: in an sauko ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko 500 in gari a washe yake, dole gudu ya zama daidai, saiti daidai, gangara daidai, tayoyi a ƙasa. In ɗaya ya kuskure, a ƙara wuta a tashi. Gidauniyar Flight Safety ta fitar da bincike a 2017 da ya nuna cewa ko a manyan kamfanoni, cikin kowace tunkarar titi 100 da ta karya wannan ƙa'ida, kimanin 3 ne kawai ake fasawa. Sauran 97 ana dannawa a sauka, kuma kusan kullum ana sauka lafiya. Wannan lafiyar ita ce gubar. Matuƙin da ya yi ganganci sau 50 ya sha, abin da ya koya shi ne ganganci na aiki. In haka abin yake inda ake naɗar komai ana dubawa, sai a auna yadda zai kasance inda babu mai dubawa.

Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma da maganar ta tsaya a nan da sai a rubuta ta a manna a gaban kowane matuƙi a huta. Ba ta tsaya ba, domin fasa sauka ma tana kisa. Ranar 13 ga Agustan 2014 Eduardo Campos, ɗan takarar shugabancin Birazil kuma tsohon gwamnan Pernambuco, yana cikin Cessna Citation da ya fasa sauka a Guarujá cikin ruwan sama. Jirgin ya tashi ya shiga gajimare, ya rikice wa matuƙan, ya faɗo da hanci cikin unguwa a birnin Santos. Mutum bakwai suka mutu, zaɓen ƙasar ya sauya fasali. A Janairun 2017 alƙalin Kotun Ƙolin ƙasar, Teori Zavascki, wanda ke riƙe da babbar shari'ar cin hanci ta Lava Jato, ya mutu a teku kusa da Paraty lokacin da matuƙin King Air ɗinsa ke sake neman titi cikin ruwa. A Owatonna ta Minesota kuwa, ranar 31 ga Yulin 2008, wani Hawker 800 ya riga ya sauka a jiƙaƙƙen titi, matuƙin ya ga kamar ba zai tsaya ba, ya ƙara wuta a ƙurarren lokaci. Jirgin ya bugi eriya ya faɗa gonar masara, mutum takwas suka mutu. Masu bincike sun lissafa cewa da ya ci gaba da taka birki, da jirgin ya zarce titin a hankali ya tsaya a filin da aka tanada don haka.

Fasawa aiki ne mai wuya: cikakkiyar wuta a lokaci guda, hanci na neman ɗagawa fiye da kima, faifan fiffike da tayoyi na jiran a janye su bi da bi, rediyo na magana, ga jiki na yi wa mutum ƙarya cewa yana hawa da yawa alhali gudu ne ke ƙaruwa. Matuƙin babban kamfani yana maimaita wannan a na'urar kwaikwayo duk wata shida ko shekara. Mai lasisin kansa a Amurka, abin da doka ta ɗora masa shi ne bita da malami sau ɗaya a wata 24, da sauka uku cikin kwana 90 in zai ɗauki fasinja. Likita ko lauya ko ɗan kasuwa da ke tashi sau biyu a wata zai iya shekara bai fasa sauka ko sau ɗaya ba, ranar da zai yi ta farko kuma ita ce ranar da komai ya cakuɗe. Kuɗinsa ya kai shi ga jirgin da ya fi hannunsa sauri. Ba banza ba matuƙan Amurka suka daɗe suna yi wa wani samfurin Beechcraft Bonanza laƙabi da makashin likitoci.

Darasin da nake ɗauka daga waɗannan haɗurra uku na fasa sauka shi ne fasawa tana da lokacinta. A ƙafa 500 kyauta ce. A ƙafa 50 tana da tsada. Bayan an cinye rabin titi ana birki, ta zama caca. Mafi arha duka ita ce wadda aka yi a ƙasa kafin a tada inji.

Masu sayar da jirage za su ce fasaha na zuwa da magani, kuma ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya. Jiragen Cirrus suna da lema da ke sauko da jirgin ɗungurungum, ta kuma ceci rayuka da dama, sai dai tana son tsayi kafin ta buɗe, abin da mai kwanar ƙarshe ba shi da shi. A 2020 aka amince da na'urar Garmin Autoland da ke iya saukar da jirgi da kanta in matuƙi ya suma. Akwai agogon da ke nuna kusurwar fiffike da iska, mai arha, wanda ya kamata a ce kowane ƙaramin jirgi yana da shi. Amma jirgin Blackbushe cike yake da na'urori, kuma sun yi ta ƙara suna gargaɗi har masu bincike suka ce yawan ƙarar da saƙonnin rediyo mai yiwuwa ya cika wa matuƙin kai. Gargaɗi ba ya amfani ga wanda ya riga ya ƙudurta.

Akwai masu cewa mutum da kuɗinsa da ransa, in ya ga dama ya yi kasada, ina ruwan hukuma? Da shi kaɗai yake tafiya da sai a saurare su. Amma matar Kennedy da yayarta ba su san bambancin lasisin ido da na na'ura ba. Dogarawan Suntai ba a tambaye su ba. Mutanen unguwar Santos suna cikin gidajensu. Akwai kuma masu rufe maganar da cewa kwana ne ya ƙare. Babu musu, ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma da wannan ake yi wa iyalai ta'aziyya. Amma ta'aziyya daban, bincike daban. Imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda aka damƙa wa amanar rayuka yadda ya yi da ita ba, kuma al'ummar da ta mayar da shi murfin rufe rahoto za ta sake binne wasu a kan kuskure iri ɗaya.

A Najeriya ƙananan jiragen masu kuɗi da na gwamnatocin jihohi sun yawaita, da yawansu kuma suna da izinin tashi ne na amfanin kai, ba na haya ba, wanda sharuɗɗansa suka fi sauƙi. A 2024 hukumar sa ido kan jiragen sama ta ƙasar, NCAA, ta dakatar da izinin wasu da aka samu suna haya a ɓoye, ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya kafa kwamiti a kan lamarin. An fi tattauna batun ta fuskar kuɗin shiga da gwamnati ke asara. Ni a ganina babbar asarar tana wani wuri: wanda ya biya kuɗin shata yana zaton ya sayi kariyar kamfanin haya, alhali ya hau jirgin da babu wani ofishi a bayan matuƙinsa da zai tsaya masa in ya ce ba za a je ba.

Bayan haɗarin Aspen, kamfanin da ke da jirgin ya kafa doka: babu jirginsa da zai sake sauka ko tashi a Aspen da wasu filaye uku na cikin duwatsu tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Amfanin irin wannan doka shi ne ta cire hukunci daga hannun mutumin da ake hura wa wuta, ta mayar da shi kan takarda da aka sa wa hannu tun ana cikin natsuwa. Matuƙi ba sai ya yi jayayya da kowa ba, sai ya ce ranka ya daɗe, ba ni da izini. Matsalar jirgin gwamna ko na attajiri ita ce wanda zai sa hannu a takardar shi ne wanda takardar za ta hana zuwa ɗaurin aure. Don haka ba daga gare shi za a jira ta ba. NCAA ce ya kamata ta sa ta cikin sharuɗɗan izinin kowane jirgi mai zaman kansa: iyakar yanayi da lokacin da ba a tashi, filin da za a karkata in an kasa, atisayen fasa sauka a na'urar kwaikwayo duk shekara, da haramcin zaman fasinja a ɗakin tuƙi lokacin gangara. A ƙara da cewa duk matuƙin da aka sallama cikin 'yan watanni bayan ya fasa wata tafiya, mai jirgin ne zai zo gaban hukuma ya yi bayanin dalili kafin a sabunta masa izini.